TASWIRAR SARKIN MUSULMI BELLO DA MATAFIYAN HANYAR SAKKWATO

 

Wani ɗan'uwa ɗan kasuwa daga Talata Mafara ya aiko mana da takarda yana tambaya a kan sallar ƙasaru. Ya ce shi yakan tafi Sakkwato sarin kaya sau biyu a wata, ƙanensa kuwa ba ya wuce kasuwannin Bakura da Maradun, to, wane ne a cikinsu ƙasaru ta hau kansa?

Amsar wannan ba ta da tsawo. A mazhabar Imamu Malik tafiyar ƙasaru baridi 4 ce, ko wane baridi farsahi 4 ne, ko wane farsahi kuwa mil 3, watau mil 48 ke nan. Amma fa a lura, mil na malaman fiƙihu dabam ya ke da mil na Turawa wanda a ke rubutawa a bakin titi a da. In an juya shi zuwa awon zamani yakan kama kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Daga Mafara zuwa Sakkwato ya haura kilomita 100, sabo da haka mai takarda zai mai da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu tun daga sa'ad da ya fita daga gine-ginen garinsu, kuma yin haka sunna ce mai ƙarfi. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Sakkwato, to, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika. Ƙanensa kuwa cikawa zai yi, gama Bakura da Maradun ba su kai ko kusa da wannan nisa ba.

Da a nan takardar ta tsaya, da mun wuce zuwa wata tambaya. Amma a ƙarshenta ya ƙara da cewa yau shekara 20 yana bin wannan hanya, bai san kome ba a Sakkwato ban da tasha da kasuwa da gidan da ya ke sauka. Wannan magana ce ta tsai da mu, domin mun san ba shi kaɗai ba ne. Ma'aikatan gwamnati nawa ne daga cikinmu suka yi shekaru suna kai takardu Sakkwato, tun kafin a yanke Jihar Zamfara a 1996, ba su taɓa tambayar wanda ya gina birnin ba?

Mai karatu ya duba, ita kanta tambayar ƙasaru ba ta amsuwa sai da sanin ƙasa. Malamin da ya haddace Risala da Muhtasar, in bai san nisan da ke tsakanin gari da gari ba, rabin fatawa kaɗai ke hannunsa. Haka alƙibla. Mun saba mu ce "gabas", har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu, alhali kuwa daga ƙasar Mafara da Sakkwato Makka ba ta gabas sak, tana karkata zuwa arewa da kimanin daraja 20. Malamai sun sauƙaƙa wa wanda ya ke nesa da Ka'aba, sun ce fuskantar jiha ta isar masa, to, amma mai aza harsashin sabon masallaci ba shi da hanzari in ya ƙi tambayar masana. Shi ya sa magabata ba su ɗauki sanin garuruwa da hanyoyi da taurari abin wasa ba. Al-Idrisi ya gama babbar taswirarsa ta duniya a tsibirin Sikiliya a 1154, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa, kamar yadda masu taswira na Musulmi suka saba a wancan zamani. Ibn Baɗɗuɗa ya ratsa Mali har Takadda a 1352 da 1353, ya kuwa ambaci Gobir a cikin labarin tafiyarsa.

Ba sai mun je Sikiliya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812. Mutane da yawa sun san shi a kan littafin tarihin jihadi ne, haka ne kuwa, amma kafin Bello ya taɓa labarin yaƙi ko ɗaya sai da ya zaga da mai karatu ƙasashen Takruru tukuna: Barno da maƙwabtanta na gabas, Ahir, ƙasashen Hausa, ƙasar Yarabawa, Sangai da Mali, yana faɗin mutanensu da malamansu da abin da ƙasarsu ke fitarwa. Mutumin da ya rubuta wannan bai kai shekara 35 ba, kuma rabin ƙuruciyarsa a kan doki ya yi ta.

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, wanda ya ke kiran kansa Abdullahi a cikin tafiyarsa, ya iso Sakkwato ta hanyar Tarabulus da Barno da Kano. Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi. Baturen ya rubuta da kansa cewa da ya fito da kayan awon taurari, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā, har baƙon ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Babban abin da ya kawo Kilafaton kuwa shi ne neman sanin inda kogin Kwara ya ke ƙarewa, abin da ya dami Turawa shekaru da yawa. Wata rana Bello ya zana masa kogin a kan rairayi, ya nuna masa yana gangarawa kudu zuwa teku. Amma da baƙon ya tashi komawa, taswirar da aka ba shi a takarda, wadda aka zana da umurnin Sarkin Musulmi, sai ta nuna Kwara ta miƙe gabas ta zama Nilu ta Masar. An buga wannan taswira a London a 1826, tare da fassarar wani yanki na farkon Infaƙu.

Masu tarihi sun yi saɓani a kan wannan. Waɗansu sun ce mai zanen ya bi abin da ke cikin tsofaffin littattafan Larabawa ne, waɗanda suka daɗe suna haɗa kogin ƙasar Sudan da Nilu. Waɗansu kuwa sun ce da gangan aka yi, bayan fatake Larabawa da ke birnin sun tsoratar da fada game da nufin Ingilishi, musamman da ya ke labarin abin da suka yi wa Hindu ya riga ya iso. Mu dai mun fi karkata ga magana ta biyu. Wanda ya san bakin kogi har ya zana shi a ƙasa da yatsa, ba ya mance shi cikin 'yan makonni. Ga alama Bello ya gane cewa wanda ka ba taswirar gidanka ka nuna masa ƙofa. Bai kuwa bar baƙon ya wuce zuwa Yawuri da Nufe ba. Ɓoyon bai daɗe ba, gama a 1830 Landa, baran Kilafaton, da ɗan'uwansa suka bi Kwara cikin kwalekwale har teku.

Akwai wani abu a zuwan Kilafaton na biyu, a 1826, da ya kamata masu sayen littattafai su ji. A cikin kyautar da ya kawo akwai littattafan Larabci bugun ɗab'i, har da littafin Uƙlidisu na ilimin handasa. Bello ya gaya masa cewa gidansu suna da kofensa wanda wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa a shekarar da ta gabata. Da Baturen ya komo gaisuwa, sai ya iske Sarkin Musulmi zaune da littafin a gabansa yana dubawa. Wannan fa a lokacin da a ke fama da yaƙin Gobir ne. Kilafaton bai koma gida ba, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu 1827.

Abin da Bello ya ji tsoro ya zo bayan shekara 70. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suna rabon ƙasar da ba su riga sun ci ba, suka kafa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100 daga birnin, suka ce nan ne iyaka. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. Daga baya Faransawa suka yi kukan ba su da hanya mai ruwa zuwa Damagaram, aka sāke jan layin a 1904 da 1906. Tsakanin haka, ran 15 ga Maris 1903, aka yi karon Giginya, Sakkwato ta faɗa hannun Turawa. Sakamakon wannan zane shi ne Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau, Ɗegel da Gudu kuwa suna Nijeriya.

Mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba su bukatar a je da su nesa kafin su san ƙarfin takardar safiyo. Sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, aka sāke yanka filaye a kan takarda. Manomi ya san gonarsa da tsamiya da suri da kabarin kakansa, ma'aikaci kuwa ya san ta da lamba. Da aka zo biyan diyya da mai da gonaki, maganar takarda ce ta ci. Rikicin da ya biyo baya ya kai ga zubar da jini a watan Afrilu 1980, dattawanmu da yawa kuwa ganau ne. Muna tuna wa 'yan'uwa ma'aikatan ƙasa da safiyo da alƙalai wannan, domin layin da mutum ya ja da alƙalami cikin ofis shaida ce, za a kuwa tambaye shi a kanta.

To, mu koma ga mai takardarmu. Tun kafin ya bar gida yana cikin tarihi bai sani ba. Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, ya kuwa zauna a Faru ta ƙasar Maradun. A wannan zamani ne, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ran babbar salla, ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, a cikinsu har da a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki 'yan sarƙa, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bayan wahalar Tsuntsuwa kuma, a Sabon Gari ta ƙasar Zamfara Jama'a suka sami mafaka a 1805, daga can aka tashi aka ci Birnin Kabi. Mun sha jin ɗalibai suna rikita Burmi ta sarautar Sarkin Burmin Bakura da Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a watan Yuli 1903. Waccan tana ƙasar Gwambe, tafiyar kwanaki masu yawa a ƙafa. Duba ɗaya a taswira ya isa ya raba wannan gardama.

Ko a tasha ma akwai abin karatu. Wanda ya tsaya ya dubi manyan motocin katako masu ɗaukar albasa da hatsi da shanu zai ga masu fenti sun ƙawata su da zaki da shaho da mahayin doki da itacen dabino da koren ƙubba ta Madina, ga kuma rubutu a goshi ko a baya: "Haƙuri maganin duniya", "Duniya labari", "Allah ya kiyaye hanya", "Na gode Allah". Mukan karanta su da sha'awa, gama sau da yawa tarihin mai motar ne a taƙaice, wanda ya sha bashi ko ya sha hassada kafin ya mallake ta. An tambaye mu hukuncin waɗannan zane-zane. Surar itace da masallaci da dutse ba kome. Surar mai rai kuwa, a mazhabarmu wadda ta haramta ita ce mai jiki, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi; ta fenti a kan allo ba ta kai haram ba, barinta dai ya fi. Abin da ya fi damunmu dabam ne, watau rubuta aya ko sunan Allah a ƙasan ƙyauren baya ko a kan robar da ke tare taɓo, inda ƙafar yaran mota da kashin shanu ke sauka. Mai son albarka ya sa a rubuta masa a goshin mota, can sama. Sa'an nan ya gyara birki, kada ya ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta ya ce rubutu zai tsare shi.

In an isa birni, awa biyu sun isa mutum ya ga abin da mai takarda ya rasa shekara 20. Ganuwa ta tafi, amma sunayen ƙofofi na nan a bakin 'yan kabu-kabu: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Kade, Ƙofar Dundaye. Wanda ya bi su ɗaya ɗaya ya zana girman tsohon birni da ƙafarsa. Ga Masallacin Shehu, ga na Bello kusa da fada, ga Hubbare inda Shehu ya ke kwance. Ya taso daga Sifawa ya zauna Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Mai ziyara ya yi sallama, ya yi musu addu'a, ya roƙi Allah shi kaɗai. Kada kuwa ya nemi kabarin Bello a nan, yana Wurno, inda ya rasu a 1837 yana zaman ribaɗi. Akwai kuma gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu, inda a ke ajiye tsofaffin takardu da kayan yaƙi da na sarauta. Shi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, jikan gidan Giɗaɗo ne mai masaukin Kilafaton, kuma ya bar rubutattun labaran tafiye-tafiyensa da Larabci.

Daga nan sai wurin masu littattafai, a kasuwa da gefen manyan masallatai. Nan ne mu kanmu ba mu iya wucewa da sauri. Za ka tarar da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya jere a kan tabarma ko kanta, waɗansu bugun Kano masu rubutun hannu irin namu, waɗansu bugun Misira da Bairut masu jan bango. Waɗannan su ke tafiya kullum, sai littattafan addu'o'i da na fassarar mafarki. Amma ka ce a ba ka Infaƙul Maisuri, sau da yawa sai mai kanti ya shiga ciki ya daɗe, ko ya ce ka komo jibi. Ba laifinsa ba ne, ɗan kasuwa abin da a ke tambaya shi ya ke sarowa. Littafin kuwa ba ɓoyayye ba ne: an buga Larabcinsa a London a 1951, an buga a Alƙahira a 1964, an sāke bugawa da gyara a Rabat a 1996, akwai kuma fassararsa da Hausa. Liya'ut Tawili, tafsirin Malam Abdullahi na Gwandu, an buga shi a Alƙahira tun 1961. Taswira kuwa, mun taɓa zaga kantuna bakwai muna neman ta ƙasar Sakkwato da Zamfara wadda za mu rataya wa ɗalibai, ba mu samu ba sai ta duniya mai rubutun Turanci, an buga ta a wata ƙasa. Matasa za su ce ai taswira tana cikin waya yanzu. Gaskiya ne, muna kuwa amfani da ita, har wajen duba alƙibla. Sai dai ita wayar ba ta san inda Shehu ya yi wa'azi ba, kuma ƙauyukanmu da yawa ko dai babu su a ciki, ko an rubuta sunansu yadda mai garin ma ba zai gane ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi nauyi a zuciyarmu. Kowa ya san halin da ƙasar Maradun da Bakura da Mafara ta shiga a shekarun nan sabo da 'yan bindiga. Garuruwa sun tashi, mutane sun gudo da abin da kai zai iya ɗauka. A cikin abin da a kan bari baya akwai gafakar malam. Mun ga wani almajiri da ya iso da kundin kakansa cikin buhun taki, takardu irin na dā masu tambarin wata uku a cikin jikinsu, ruwa ya taɓa gefe, gara ta ci wani gefe. A bayan wata warƙa kakan ya rubuta sunayen zango-zango na hanyarsa ta hajji a ƙasa, daga gida zuwa Kano, zuwa Barno, zuwa Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Taswira ce ba zane, kuma babu kofenta a ko'ina. In littafin Uƙlidisu ya ƙone a gidan Sarkin Musulmi an sami wani daga Ingila. Wannan kuwa in ya tafi ya tafi.

Sabo da haka muna roƙon 'yan kasuwa masu zuwa Sakkwato da Gusau, wanda ya san gidan malamai da ya tashi, ya tambayi inda littattafansu su ke. In magada sun yarda, a ɗauki hoton ko wace warƙa da waya, a bi su a jere kada a hautsina, gama littattafanmu na dā ba ɗinki gare su ba, kalmar da ke ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. A ajiye asalin a wuri busasshe, nesa da ƙasa, kada a naɗe shi cikin leda ya yi gumi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gidan tarihin da muka ambata suna da masu sanin wannan aiki. Malaman makaranta kuma, na boko da na Islamiyya, su sa yara su zana garinsu da hannunsu, da unguwanni da rijiyoyi da maƙabarta da gonaki, su tambayi tsofaffi sunan ko wane fegi da fadama tun masu sanin suna da rai. Yaran da ke zaune a sansanin gudun hijira su suka fi cancanta a fara da su, domin ranar da za a koma, za a yi gardamar iyakar gona.

Mai takarda kuma, in Allah ya kai shi Sakkwato wannan karo, ya rage awa ɗaya daga cinikinsa ya tambayi Infaƙu a kanti uku. In bai iya Larabci ba ya nemi na Hausa. Sauran tambayarsa, game da haɗa azahar da la'asar ga wanda ke tsoron tsayawa a hanya, za mu amsa ta mako mai zuwa in Allah ya yarda.